Katalog da motar kara: abin da yaran Droum suka gani a takarda

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Damagaram tsakanin samun mulkin kai a 1960 da karyewar darajar kuɗin sefa a 1994, in dai ya taɓa zama kusa da gidan mushen lakwal, ko gidan likita, ko shagon tela, to ya san wani ƙaton littafi mai nauyi kamar tubali, mai takarda sumul da ƙamshin tawada, wanda ake kira katalog. Ba a koyar da shi a aji, ba a tambayar kowa a kansa ranar jarrabawar sartifika, amma da wuya a sami littafin da yaran wancan zamani suka yi wa karatun ƙurilla kamarsa. Magidanta suna buɗe shi don su ga kwat da takalma da rediyo, mata suna neman sabon yayin ɗinki, su kuwa yara maza sai su tsallake duk wannan su nufi shafukan kayan wasa: ƙananan motoci jere kamar a tasha, jirgin ƙasa mai kewaya bisa dogonsa, sojojin roba, bindigar kaboyi da ɗamararta.

Waɗannan yara yau sun yi furfura. In hira ta biyo ta kan katalog, sai ka ga fuskar dattijo ta saki, yana jero sunayen motocin da ke cikinsa kamar mai lissafa ƴan gidansu. Abin da zai ba mai sauraro mamaki shi ne, mafi yawan masu wannan bege ba su taɓa riƙe ko ɗaya daga cikin kayan nan a hannunsu ba. To, mutum yana begen abin da bai taɓa mallaka ba? Wannan tambaya muka ɗauko a wannan mako, kuma mun zaɓi mu dube ta daga Droum, garin noma da ke kudu da birnin Damagaram cikin gundumar Mirriya. A birni labarin yakan gauraye da na ƴaƴan manyan ma'aikata, waɗanda jefi-jefi akan sayo musu abin. A karkara ne ake ganin sa tsantsa.

Daga ina littafin yake zuwa?

Kakan su duka shi ne na kamfanin Manufrance, wanda Étienne Mimard da Pierre Blachon suka kafa a birnin Saint-Étienne na Faransa a 1885. Asalin sana'arsu ƙera bindigogin farauta ne da kekuna, daga baya suka haɗa da keken ɗinki mai suna Omnia, sannan da duk wani abin da hannun ɗan Adam zai nema, daga fitila zuwa ƙugiyar kamun kifi. Dabararsu mai sauƙi ce: maimakon mai saye ya zo kanti, kantin ne zai je masa gida cikin littafi, ya zaɓa, ya aika kuɗi ta gidan waya, a aiko masa. Wannan dabara ta dace da Baturen mulkin mallaka da aka jefa wuri mai nisa da kowane kanti, shi ya sa littafin ya bi kumandan da soja da ɗan kasuwa zuwa ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Kada mu manta Damagaram ce hedikwatar ƙasar nan daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai.

Bayan mulkin kai, wasu littattafan biyu suka fi yawo a hannun mutane, dukansu daga yankin Roubaix a arewacin Faransa, ƙasar masaƙu. La Redoute ta fara ne da kaɗin zaren ulu a 1837, ta buga katalog ɗinta na farko a 1928, ɗan ƙarami mai shafi 16. Ita kuwa 3 Suisses an kafa ta a 1932. Kafin shekarun 1970 littattafan nan sun kumbura sun kai shafi ɗaruruwa, cike da hotuna masu launi. Sau biyu suke fitowa a shekara, na bazararsu da na hunturunsu, kuma na hunturu shi ne abin nema wurin yara, domin a cikinsa ake baje kayan wasa saboda bukin Nowel.

Babu kamfanin da ya taɓa rubuta sunan wani yaron Droum a bayan ambulan ya aiko masa da katalog. Littafin yana da nasa tsani da yake sauka a kai. Sabo yana zuwa akwatin gidan waya na Baturen da aka aiko koyarwa, ko na babban ma'aikaci a birni. In na gaba ya iso, sai tsohon ya koma hannun kuku ko boyi, ko ƙanen maigida. Daga nan ya faɗa shagon tela, inda zai shekara yana aiki, domin mata da samari suna nuna hoto su ce irin wannan suke so. Mushen da aka tura ƙauye yakan sa ɗaya cikin akwatinsa tare da littattafan koyarwa. Ƙarshen tafiyar kuwa hannun mai ƙosai ne, ko mai gyaɗa, ko mai tsire, waɗanda ke yagar shafi ɗaya-ɗaya suna ƙunshe wa masu saye. Don haka yaron karkara sau da yawa da yagaggen shafi ya fara gamuwa, mai tabon man gyaɗa, wanda ya shekara uku ko biyar da fitowa. In ya yi sa'a shafin motoci ne ya faɗo masa, to ƙosan ma ya zama ƙari. Za a miƙe takardar, a goge ta, a ninke, a ɓoye cikin jakar allo ko a soke ta a jinkar ɗaki.

Sai a tuna da cewa a lokacin samun mulkin kai yaran Nijar da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Hoto mai launi abu ne mai wuyar gani a ƙauye: sai a jikin gwangwani, ko kwalin shayi, ko kalandar wani kamfani. Talabijin ta ƙasa ba ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a ba sai ƙarshen shekarun 1970, kuma ta daɗe kafin ta isa karkara. A cikin wannan ƙishirwar ido ne shafin katalog ya faɗo.

Lissafin da ba ya fita

Ƙarƙashin kowane hoto akwai lamba da farashi da kuɗin Faransa, kuma ƴan lakwal sun iya juya shi. Daga 1960 har zuwa 1994, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, wato dala goma da lissafinmu na kasuwa. Abin da aka rubuta masa faran 20, jika ɗaya ke nan cur, tun kafin a yi maganar kuɗin aikowa. Mai son saye sai ya cike takardar oda da faransanci, ya je gidan waya ya yi manda, ya kasance yana da akwatin da za a aiko masa, ya jira makonni ko watanni, in kaya sun iso kuma ya je ya biya duwan. Manomin da kuɗi ke shiga hannunsa sau ɗaya a shekara, lokacin tiredar gyaɗa, ga haraji na jiransa, ga tufafin iyali, ga wanda zai aurar, ina zai fara? Ko mushen da littafin ke ɗakinsa, in ya yi oda, takalmi ne ko agogo, ba motar wasa ba.

Hausawa sun ce gani ba ci ba, da kare bai kwana da yunwa ba. Yaran sun san haka sarai, ba wanda ya yaudare su. Amma sun ƙirƙiro wa kansu wata hanyar mallaka: a kewaye shafi, kowa ya ɗora yatsa ya ce wannan tawa ce, wanda ya riga ya riga. Akan yi faɗa na gaske, har da kuka da kai ƙara, a kan motar da ba ta wuce tawada bisa takarda ba.

Su wane ne a cikin shafukan?

Ya kamata mu ambaci sunayen, don masu bege su san asalin abin da suke bege. Dinky Toys, ƙananan motocin ƙarfe masu nauyi a hannu, sun fito a 1934 daga kamfanin Meccano na Liverpool a Ingila, wanda ke da reshe a Faransa mai ƙera irin motocin Faransa. Norev an kafa ta a 1946 a Villeurbanne kusa da Lyon. Sunan ma na iyalin da suka kafa ta ne, Véron, aka karanto daga baya. Ɗaya daga cikinsu, Émile Véron, shi ya ware a 1961 ya kafa kamfanin da ya zama Majorette, mai ƙananan motoci masu araha. Akwai Solido, akwai jiragen ƙasa na Jouef daga garin Champagnole, akwai sojojin Starlux. Can wajen ƙarshen shekarun 1970 sai ga wasu baƙin halittu, su Big Jim da Goldorak, wanda aka fara nuna fim ɗinsa a talabijin ta Faransa a 1978. Waɗannan ba su kama zuciyar yaron karkara kamar mota ba, domin bai san labarinsu ba. Mutum-mutumi ne kawai mai ƙaho.

Jirgin ƙasa ya fi ba da mamaki, saboda babu dogo a ƙasar Damagaram. Sai dai labari daga bakin ƴan ci-rani da fatake da suka gan shi a Kano, inda ya iso tun 1911, ko a Nguru. Mota kuwa ita ce ta haɗa takarda da duniyar gaske. Yaron da ya ga Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, a cikin shafi, ya san ta: ita ce bashe mai kai mutane kasuwa, ita ce motar sufurfe. Ya san Land Rover ta jandarma da ta masu allurar shanu. Ya san manyan kamiyo na Berliet, domin da kaka ana ganin manyan motoci suna kwasar buhunan gyaɗa, tun ma ba bayan kafa SONARA a 1962 ba, lokacin da gyaɗar Magarya da Matamaye da Mirriya ke riƙe da arzikin ƙasa, ana gangarawa da ita Kano a loda wa jirgi. Akwai ma wani abin lura: a 1960 reshen Dinky na Faransa ya fitar da ƴar ƙaramar Berliet irin ta aikin man fetur a Sahara, a daidai lokacin da ayarin motocin Berliet ke ratsa Tenere a 1959 da 1960. Wato ɗan Faransa yana tura motar hamadarmu bisa darduma a ɗakin uwarsa, yaron da hamadar ke ƙasarsa yana kallon hotonta.

Inda hoto ya zama aiki

A nan ne muke ganin amsar tambayarmu take. Shafin katalog bai ƙare a kallo ba. Ga yaron Droum, zane ne na aiki, irin wanda injiniya ke shimfiɗawa bisa tebur. Motar gaske tana wucewa da gudu cikin ƙura, in ma ta tsaya, karen mota ba ya barin yaro ya matso. Ta takarda kuwa tana tsaye cik, a karkace yadda za a ga gaba da gefe a lokaci ɗaya, ana iya ƙirga tagoginta da tayoyinta, a auna tsawon hanci da na bodi da tsinke.

Lokacin aikin shi ne bayan kaka, in an girbe hatsi da dawa, kara ya bushe a gonaki. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka wasa ne kawai, amma sana'a ce mai ƙa'idoji. Ana zaɓen karan dawa mai kauri wanda bai ruɓe ba. A sa tsohuwar reza ko guntuwar wuƙa a ɓare ɓawonsa a tsanake, siriri-siriri, domin wannan ɓawon shi ne ƙusa, shi ne kuma sandunan taga. Yana da kaifi, kuma duk tsohon maƙerin motar kara yana da tabonsa a yatsa. Totuwar ciki, mai taushi da rashin nauyi, ita ce katako: a yanka ta daidai-daidai, a jera, a soke da ɓawon da aka feƙe. Inda ake son ƙarfi sai a sa ƙayar aduwa. Taya kuwa aikin haƙuri ce: a sami sakaina, a zana da'ira, a kankare, a yi ta gogawa bisa dutse har ta zama zagaye, a huda tsakiya. Daga baya da takalman roba suka yawaita, sai tsohon takalmi ya maye gurbin sakaina, domin ba ya fashewa kuma ba ya ƙara. A ƙarshe a nemo dogon sille a kafa shi bisa ƙafafun gaba, a ɗaura masa zagayen bolan a sama, yadda mai mota zai tuƙa ta yana tsaye, ya karya kwana ba tare da ya sunkuya ba.

Wannan matakin farko ne. Wanda ya ƙware sai ya wuce zuwa langa-langa, wato sillen ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi, da waya, da gwangwanin sardin da na tumatir da na madara. A nan ake ganin gwanaye. Akwai mai yi wa motarsa sifirin, ta yadda in ta hau tudu za ta lotsa ta dawo. Akwai mai yin ƙofa da ke buɗewa, da bodin da ke ɗagawa ya juye yashi. Akwai mai haɗa tsohon pil da ƙwan tocila ya ba ta fitila, ya fito da ita bayan sallar isha'i yara na biye da shi kamar ɗan sarki. Marfin kwalba ya zama fitilar baya, robar cikin taya ta zama ɗauri, shuni da jar ƙasa da baƙin tukunya suka zama fenti. Sau da yawa akan yanko suna ko lamba daga shafin katalog ɗin kansa a liƙa a gaban motar da ƙaro.

Ba a kwaikwayon ido rufe. Motar da ke takarda babu kowa a cikinta, tsaf take kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta yaron Droum kuwa sai an yi mata karaga a sama, an loda mata ƙananan buhuna na tsumma, an kafa mata karen mota na laka a baya yana lilo, domin haka mota take a duniyar da ya sani. Kuma akwai tsari a tsakanin yaran: babba yana yanka, ƙanana suna nemo kara da gwangwani, ladansu a bar su su tura sau ɗaya zuwa bakin rijiya su dawo. Haka ƙarami ke koyo har ya kai ga riƙe reza.

Mu dubi Meccano, wanda shi ne sarkin shafukan nan. Frank Hornby na Liverpool ya yi masa rajista a 1901: sillayen ƙarfe ne masu huji a jere, rabin inci tsakanin kowane biyu, da ƙusoshi masu zare da noti, da ɗan littafi mai nuna yadda za a haɗa gada ko injin ɗaga kaya. Iyayen Turai suna biyan kuɗi mai yawa a kansa domin sun yarda yana koya wa yaro tunanin injiniya. To, abin da akwatin Meccano ke koyarwa, wato auna, daidaita, gane dalilin da ya sa abu ke tsayawa ko faɗuwa, shi yaron karkara ke koyo, da ƙarin cewa shi babu wanda ya huda masa ramukan, babu ɗan littafin bayani, kuma sai ya fara nemo kayan aikin da kansa a juji da gona. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar da maƙeranta suka zuba igwa suka haɗa albarushi a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ku tambayi tsofaffin makanikai da masu walda na Damagaram inda suka fara lanƙwasa ƙarfe, ku ji amsar da yawancinsu za su bayar.

Amma fa kada bege ya rufe mana ido. Yaron nan ba don ya fi son kara ya yi motar kara ba; da an miƙa masa Dinky da gudu zai karɓa. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shekarun da muke magana a kansu su ne na farin 1973 da 1974, su ne na yunwar 1984, lokacin da yara da yawa ba su da ƙarfin wasa, wasu ma kara bai tsaya a gonakinsu ba balle a yi mota da shi. Kuma katalog yana koya wa yaro wani darasi mai ɗaci wanda ba a rubuta a shafi ba: duk yaran da ke cikin hotuna farare ne, masu takalmi, cikin ɗaki mai fitila, kuma kyakkyawan abu daga can yake zuwa. Sannan ga ƴan mata. Littafin ya raba musu shafukansu daban, na ƴar tsana da ƙananan tukwane, mu ma a gida mun raba: lokacin da yaro ke zaune gindin bishiya yana feƙe kara, ƙanwarsa tana bakin rijiya ko tana ɗauke da farantin talla. In ana yabon abin da motar kara ta koya wa maza, a tuna da waɗanda ba a ba su lokacin koyo ba.

Yadda littafin ya mutu

Bai mutu rana ɗaya ba. Manufrance ce ta fara durƙushewa a 1979, aka yi ta jan rai har aka rufe masana'antar a 1985. A shekarar 1979 ɗin nan kuma aka rufe masana'antar Dinky ta Liverpool. A wurinmu, bugun da ya fi zafi shi ne na watan Janairu 1994, da aka wayi gari faran ɗaya ya koma sefa 100: abin jika ɗaya ya zama na jika biyu cikin dare guda, a daidai lokacin da ma'aikatan gwamnati ke bin bashin albashin watanni. Ɗan abin da ake odar ma ya tsaya. A can ƙasashen da suka ƙirƙiro shi kuwa, manyan kantuna ne suka fara cinye shi, intanet ta ƙarasa. Sears ta Amurka ta daina buga babban katalog ɗinta a 1993, Quelle ta Jamus ta karye a 2009, 3 Suisses ta bar buga nata a 2014, La Redoute ma ba ta daɗe ba ta bi sahu. Majorette ta koma ƙera motocinta a Tailan, kuma tun 2010 tana hannun wani kamfanin Jamus. A 2023 kamfanin Kanada mai mallakar Meccano ya ba da sanarwar rufe masana'antar Calais, wadda ta fara aiki a 1959.

Abin dariya, ko na takaici, shi ne bayan littafin ya mutu ne abin da ke cikinsa ya iso. Kayan wasa na roba ƙirar Sin, masu shigowa ta Kwatano da ta Kano, sun cika Kasuwar Dole da kasuwannin ƙauye, musamman gab da salla: motoci, jirage, tabarau, da bindigogi masu ƙara da walƙiya. Da ƴan daloli uba zai faranta wa ɗansa rai, kuma ba mu ga laifin uban ba. Abin da shi ya yi mafarki bai samu ba ne yake miƙa wa ɗansa. Sai dai motar roba in ta karye ta karye ke nan. Ba ta da ƙusar da za a zare, ba ta da gyara, ba ta tambayar yaro komai. Ta kara kuwa kullum cikin lalacewa take, kullum cikin gyara, kuma a wurin gyaran ne ilimin yake.

A Turai, tsofaffin yaran da suka mallaki Dinky da Norev sun mayar da begensu kasuwa: akwai ƙungiyoyin masu tarawa, akwai gwanjo, kuma motar da ba a taɓa wasa da ita ba, wadda ke cikin kwalinta, ita ta fi tsada. Tsofaffin katalog ɗin ma sayar da su ake yi. Namu begen ba shi da abin nunawa. Motar kara ba ta ketare damina: in ruwa bai jiƙa ta ba gara ta ci, in gara ta bar ta akuya ta tauna, in ta tsira daga duk wannan uwa ta hura wuta da ita ranar da itace ya yanke. Na waya da gwangwani sun fi daɗewa, kuma su ne baƙi masu yawon buɗe ido suka riƙa saye suna tafiya da su. A 1990 har an buga wani littafin yara a Amurka mai suna Galimoto, a kan wani yaron Malawi mai neman wayar da zai ƙera mota. Wasu sun ga darajar abin tun muna ce masa wasan banza.

A ganinmu akwai wurin da ya dace da wannan sana'a, wato lakwal. Tun babban taron mahawara kan ilimi da aka yi a nan Damagaram a 1982 ake ta faɗin a kusanto da makaranta ga rayuwar jama'a, kuma an sa darasin ayyukan hannu, wanda malamai suka sani da APP, cikin tsarin karatun firamare. Sau da yawa wannan lokaci yakan ƙare a sharar fili da ɗebo ruwa. Alhali ga darasin awo, da na da'ira, da na ma'auni, duk a cikin motar kara ɗaya, ba tare da an jira kayan aiki daga Yamai ba. Ga kuma malamai a kowace unguwa, dattawan da yatsunsu ba su manta ba. A wannan karon kuwa a zaunar da ƴan mata tare da maza.

Sana'ar ba ta ɓace ba tukuna. Har yanzu in ka bi ƙauyukan kudancin Damagaram da rani za ka ci karo da yaro yana tura abin da ya ƙera, sai dai samfurin ya sauya: adaidaita ce mai ƙafa uku, ko babur ɗin kabu-kabu, ko tankar mai irin waɗanda ke fitowa daga matatar SORAZ tun 2011, ko kuma, abin da ya kamata ya dame mu, Hilux mai bindiga a baya. Hoton da yake kwaikwayo yanzu a fuskar salular yayansa yake gani, na ɗan lokaci, kafin a karɓe. Abin da ya fi yi masa wuya shi ne kayan aikin. Gwangwani da waya masu sayen tsohon ƙarfe suna bi gida-gida suna auna su a kilo. Kara kuwa, wanda dā ake bari a gona kowa ya ɗiba, yanzu da an gama girbi ake tattare shi a ɗaure, a ɗora bisa rumfa ko bisa bishiya, a ajiye wa dabbobi ko a kai kasuwa in rani ya tsananta. Yaron da ya shiga gonar wani ya karyo kara biyar don ya yi mota, sai ya shirya amsa tambaya a gaban mai gonar.